Mama, Bangon Gidan Waƙarki Ya Tsage

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Na san inda kike babu ciwo, babu kuka, don haka ba zan tambayi lafiyarki ba. Mu dai muna nan Kafanchan, damina ta yi nisa. Ina rubuto miki a fili, inda kowa zai karanta, domin wanda nake so ya ji ya toshe kunnensa.

Maganar Gidan Waƙa ce, zauren bikin da kika gina bayan kin yi ritaya daga koyarwa. Kayanki na nan yadda kika bar su: tulunan kiɗan matan zumunta a jere, gangunan da kika rataya a bango, da tsohuwar begilar da maƙwabcinmu Baba Okafo na jirgin ƙasa ya ba ki kafin ya koma gida. Har yanzu amare suna son a ɗauke su hoto a ƙarƙashinta.

Abu ɗaya ne sabo. Bara ɗanki, Yaya Bulus, ya ɗora bene a kai, wai matasa su sami wurin rawa. Ya kuma kawo manyan lasifikoki, waɗanda in an kunna sai mutum ya ji kiɗan a haƙarƙarinsa.

A liyafar wani aure daga Kwoi na fara gani. Ina raba shinkafa, sai ga wani farin gari yana sauka a kan miya. Na ɗaga kai. Siminti ne ke zubowa daga sama, duk bugun ganga sai ya ƙaru. Na janye teburin, na kira Yaya. Ya ce fenti ne.

Da aka watse na ga tsaga a bangon gabas, siririya kamar zare. Yanzu yatsana yana shiga. Ran Lahadi, babu kiɗa babu iska, begilar ta faɗo da ƙusarta. Ƙofar baya ma ta cije, ba ta buɗuwa sai da kafaɗa.

Mama, ran Asabar ɗin nan za a yi taron tunawa da ke a wannan zaure. Ƙawayenki suna zuwa daga Manchok da Fadan Kaje. Kin fi ni sanin rawarsu, yadda suke buga ƙafa lokaci ɗaya har ƙasa ta amsa. An shirya a tura yara sama don manya su sami kujeru. Jikokinki suna ciki.

Na durƙusa wa Yaya mu mai da taron filin coci. Ya ce, “Rifkatu, so kike a ce gidan Mama ya kasa ɗaukar baƙin Mama? Aikina kike zagi.” Na je wurin Fasto, ya ce mu sasanta a gida.

Ina ta tuna ki a gaban mawaƙa. Waƙa ta yi daɗi, kowa ya lumshe ido, sai ki ɗaga hannu a yi tsit, don kin ji wani abin da ba daidai ba. Mukan yi gunaguni, ke kuwa ki ce, “Wanda ya iya tada waƙa, dole ya iya tsai da ita.”

Na sayi kwaɗo, Mama. Ran Asabar da safe zan kulle ƙofar, in ɗaura zanenki na zumunta, in zauna a bakinta. Duk wadda ta iso zan kama hannunta in kai ta coci. Yaya yana da guduma, kuma kin san zuciyarsa. Ban sani ba ko zai sake kirana ƙanwa. Ga hadari ya sake haɗowa, ruwa kuwa ta tsagar nan yake bi.

Da kina nan, kallo ɗaya za ki yi wa Yaya ya saurara, Mamana.

Ubangiji ya tausasa zuciyar Yaya kafin Asabar. In bangon nan zai faɗi, ya sa ya faɗi babu kowa a ciki. Ya ba ki hutawa a wurinsa har mu sadu. Amin.

Taki ’yar auta,
Rifkatu