"To" Ɗinsa Dattako, Nawa Rashin Kunya

Anti Jannatu, ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama.

"A zauren nan babu babba babu yaro, kowa ya faɗi abin da ya gani." Haka Alhaji Fannami, shugaban ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, ya rubuta ranar da ya buɗe mana zauren WhatsApp. Saƙon yana nan a wayata.

Makon jiya na je gonata ta hanyar Kirikasamma, na tarar jingar da ke tare mana kogi ta tsage, ruwa har ya fara tsattsafowa. Na ɗauki hoto, na yi sallama, na rubuta bayani dalla-dalla, na roƙi a fito aikin gayya da buhunan yashi. Shekara ashirin da biyu ina koyar da Hausa, na san yadda ake jera magana. Alhaji ya amsa da "To." Nan take mutum talatin suka bi shi da addu'a, wani har yana yaba dattakonsa na rashin yawan surutu. Kwana uku ba wanda ya motsa. Na yi tuni, ya ce a ƙara haƙuri. Ni ma na rubuta "To." Haruffa biyun nan dai nasa. Sai aka ce na yi wa babba tsaki a rubuce, ko "ranka ya daɗe" ban sa ba. Asabe, maƙwabciyar gonata, ta kira ni a ɓoye ta ce ina da gaskiya, amma a zauren ko uffan, don injin ban-ruwan Alhaji take ara. Yanzu an kulle zauren, shugabanni kaɗai ke rubutu.

Na ba shi zuwa Juma'a. In ba a taɓa jingar ba, zan haɗa hoton alƙawarinsa na "babu babba babu yaro" da na tsagar in watsa a Facebook, da sunansa.

Malamar da aka rufe wa baki, Haɗeja

Malama, kin gano daidai. A rubutun waya ba a jin murya, sai mutane su karanta matsayin mai rubutu kafin rubutunsa. Amma ki yarda, "To" ɗinki da zafi kika aika shi, kuma zafin ya isa.

Facebook zai kunyata shi, amma ba zai cika buhu ko ɗaya ba. Masu aron injinsa za su taso kare shi, a manta da jinga. Kada ki jira Juma'a. Gobe ki bi masu gonakin da ke bayan tsagar gida-gida, ki fara da Asabe. Wanda ya ji tsoron rubutu a zaure ba zai ji tsoron shebur ba. Ki nuna wa mai unguwa hoton. Sannan ki aika wa Alhaji saƙo shi kaɗai, da "ranka ya daɗen" da yake so, ki sanar da shi ranar aiki. In ya zo, ki bar masa yabon. Ke shinkafarki kike ceto.

Allah ya tsare amfanin gona, ya sanyaya miki zuciya.