Ƙorafi Kan Mayar Da 'Yata Dutsen Awo

Daga: Zinariya Hamman,
Unguwar Matsaro, Haɗejiya.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Kiwon Lafiya,
Ofishin En'e, Haɗejiya.

10 ga Maris, 1975.

Game da: Amfani da jaririya wajen awon masu ciwon sukari a kasuwa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izinin kawo kukana gabanka kamar haka:

1. Akwai wani mai magani da ake kira Ari, wanda yake baje kolinsa kowace ranar kasuwa. Yana sayar wa masu ciwon sukari wata ƙwaya mai suna kuromiyam, wai sinadarin da ke sa bambar mota ƙyalli ne, wai tana narkar da ƙiba. Don nuna shaida, yakan rataya doguwar sanda mai tsage-tsage a reshen tsamiya. Majinyaci ya zauna cikin raga a gefe ɗaya, a riƙa jan dutsen awo na ƙarfe a ɗaya gefen har sandar ta daidaita.

2. A watan Agustan bara, dutsen ya suɓuce daga kwale-kwale a hanyar Baturiya, ya nutse. Surukina, wanda ke cikin masu shan ƙwayar, ya ɗauki jikarsa, 'yata, ya miƙa wa Ari don su gaisa. Ari ya jijjiga ta a hannu, ya ce nauyinta daidai yake da na dutsen da ya ɓata. Tun daga ranar, duk kasuwa ana saka ta a kwando a rataya.

3. Ranka ya daɗe, yarinya girma take yi. Duk ƙarin nauyin da ta yi, sai kwandon ya matsa baya a kan sandar, Ari ya yi shelar cewa majinyaci ya rage. Zuwa Disamba babu wanda bai rame ba a wannan sandar, har da surukina, alhali ni nake ƙara wa wandonsa ƙyalle. Da ganin wannan nasara, ya ajiye maganin da asibiti suka ba shi. Yanzu buta ba ta rabuwa da hannunsa, ƙishirwa kuwa sai ka ce ya ci kanwa.

4. A ranar 16 ga Fabrairu, yarinyar tana fama da zawon haƙori, duk ta rame. Duk da haka aka ɗauke ta. A ranar kowa ya yi ƙiba a kan sandar. Da la'asar dattawa suka cika mana zaure, suna neman a yi musu bayanin abin da na yi wa lafiyarsu.

5. Daga nan suka gane cewa sauƙinsu yana tare da ita, sai dai sun ɗauka albarka ce. Yanzu layi suke yi da ƙwaryar fura, zuma da soyayyen kifi, kowa yana ɗura mata da hannunsa kafin a auna shi. Wani daga Malam Madori ya kawo man shanu kwalba guda. Haƙoranta biyu ne kacal. Jiya ta yini tana amai, zafin rana kuma ya ƙona mata wuya a cikin kwandon nan.

6. Za ka tambayi dalilin da ya hana ni magana a gida. 'Yar fari ce. A gidanmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari, ko sunanta ba na kamawa, balle in fizge ta daga hannun kakanta. Maigidana kuwa yana daji da shanu. Sai dai in juya baya ina tankaɗe, ina jin kukanta har su sha kwana da ita.

Saboda haka ina roƙon hukuma, cikin ladabi, ta aiko a gwada ƙwayar nan, a auna surukina a sikelin asibiti a gaban abokansa, a kuma mayar da shi kan maganinsa. Ina roƙon kada a ce daga wajena maganar ta fito. Fiye da komai, a sauke mini yarinyar kafin kasuwa mai zuwa. Idan dole ne Ari ya ci gaba da awo, akwai ɗan dutsen niƙa a ɗakin girkina, na bayar kyauta. Shi ba ya girma, ba ya haƙori, kuma babu mai juya masa baya yana hawaye.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci.

Mai biyayya gare ka,
Zinariya Hamman,
uwar Hajo. Na rubuta sunan ne don kada a sauke wata.