Ciyayyar Inna Ta Ci Lambar Yabo

Inna,

Assalamu alaikum. Ina Baba da su Hashim? An kwashe albasa lafiya?

Albishirinki! Jiya jami'armu ta ba ni lambar yabo ta hidimar ɗalibai. Ciyayyar nan da kike yi da maƙwabta, ita na kawo Malesiya: duk wadda ta dafa, ta aika kwano ɗaki na gaba. Yanzu ba mai kwana da yunwa. Kada ki tambayi wadda ta fara kwana hakan. Ya wuce, har na yi ƙiba.

Shugaban jami'a ya tambaye ni littafin da na samo dabarar. Na ce Innata ce, tana Danwarai, ba ta taɓa shiga aji ba. Sai mutane sunka miƙe suna tafi.

Tafin naki ne, Inna. Ki sa mini albarka.

Ɗiyarki,
Amatullah