Bututun da Aka Ɗaure a Idon Jikata

Talata, 8 ga Yuli

An yi aikin, jikata ta farka, ta tsala kuka! Alhamdu lillahi. Don ɗoki rubutuna duk ya karkace. Da malamarmu ta makarantar yamma za ta gani, cewa za ta yi in sake. Ba zan sake ba.

Bari in rubuta yadda abin yake. Suna ce masa hawan jinin ido, amma ba jini ba ne, ruwa ne. Ido yana yin ruwa a cikinsa, ruwan yana da hanyar fita, ita kuwa jikata da toshewar hanyar aka haife ta. Ruwa ya taru, ido ya kumbura, jijiyar gani tana mutuwa. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama ake ceto. Sun saka wani siririn bututu da bai kai tsinken tsintsiya ba, zai riƙa kwashe ruwan zuwa wani ɗan faranti da suka ɗinke a jikin ƙwayar idon, ta can baya.

Likitar tana ta zane a takarda, ɗana yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, ko alif bai gane ba. Ni da na shekara arba'in ina shimfiɗa bututu a gidajen mutane na ce, "Likita, kwata ce ta toshe kuka ja sabon layi." Ta ce Baba ya fi kowa ganewa. To da wa zai gane?

Alhamis, 10 ga Yuli

Mai kemis na bakin layinmu wai, "Roba a cikin idon 'yar da ba ta cika shekara ba? Ni dai ban taɓa ji ba." Na ce abin da ba ka taɓa ji ba ai ya fi shagonka girma. Mutumin da ciwon kai da ciwon ƙafa duk ƙwaya ɗaya yake bayarwa.

Surukata kuwa ta zama soja. Ba mai ɗaukar yarinya sai ya wanke hannu da sabulu, har ni, a cikin gidana.

Talata, 15 ga Yuli

An koma awon hawan ruwan idon. Kafin aiki talatin da takwas ne, yau talatin da huɗu. Ana son ya sauko ƙasa da ashirin. Na tambayi dalili, sai likitar ta ce, ko kunya babu, ai bututun a ɗaure yake. Su da kansu suka ɗaure shi da zare. Wai zaren zai narke mako shida bayan aikin, sannan ruwa ya wuce. Kafin nan sai maganin ɗigawa.

A ja layi a toshe shi! Da yaron aikina ne ya yi haka, da ranar zai bar mini wurin. Ga fararen riguna, ga takardu jere a bango, amma abin da jahilin mai gyaran famfo ya sani ya gagare su. Kowace rana da ruwan nan ya kwana a ciki, ganin yarinyar yake ci.

Laraba, 16 ga Yuli

Ɗana ya koma hanya da motarsa. Na kira shi na ce a kai ta wani asibitin a kwance ɗaurin. Ya ce, "Yadda kuka gani, Baba." Shi kullum yadda aka gani.

Matarsa ce ta zo ta durƙusa a bakin ƙofata. "Baba, ku yi haƙuri, ba za a taɓa idon ba. Likita ta ce mako shida." Na ce ke da ita wa ya san bututu? Kanta a ƙasa ta ce, "Wata bakwai na yi ina jira a baya, Baba. Wannan jiran ba irin wancan ba ne."

Ni take wa gori. Tun yarinyar tana wata uku ta fara cewa idanun suna hawaye, tana ɓoye fuska daga rana, a kai ta asibiti. Na ce manyan idanu gadon gidanmu ne, haka na mahaifiyata suke, kyau ba ciwo ba ne. Ni na sa mata suna Daradara. To ni kaɗai na yaba? Duk wanda ya shigo sai ya ce tubarkalla. Yanzu kowa ya manta da bakinsa.

Lahadi, 27 ga Yuli

Shekaranjiya talatin da biyu. Bututu a ɗaure, likita tana murmushi.

Litinin, 4 ga Agusta

Na bi su asibiti na faɗa wa likitar abin da ke raina a gaban ma'aikatanta. Ba ta ɗaga murya ba. Wai in aka saki ruwan tun ranar farko zai zube gaba ɗaya, ido ya lotse kamar tayar da ta sace, wannan kuwa ya fi kumburin haɗari. Sai nama ya tofo ya kewaye farantin, ya zama bangon da zai riƙe ruwan yana tsotsewa a hankali. Ta ce, "Baba, in kun shafe tankin ruwa da siminti yau, gobe kuke cika shi?"

Wai ni za a koya wa siminti. 'Yar da ba ta kai autata ba.

Na juya na fito. A mota na tuna wani mai gida da ya matsa mini, na sakar wa sabon tanki ruwa a rana ta biyu. Ban ga amfanin rubuta abin da ya biyo baya ba.

Talata, 12 ga Agusta

Talatin. Daradara ta wuni da fuska a ƙirjin uwarta. Na kaɗa mata makullaina, ta juyo da kunne, ba da ido ba. Tsohuwata, uwargidana, ta kawo mini abinci ta mayar da shi. Ta ce, "Kai da ka ce su jahilai ne, mene ne na ƙin cin abinci?" Ita ma baki gare ta.

Na rubuta wa surukata lokutan ɗiga magani a takarda mai kyau na manna a bango. Ko kallonta ba ta yi. Amma na sa ido da agogona kwana tara, ba ta taɓa saɓawa ba.

Alhamis, 21 ga Agusta

Goma sha uku! Zaren ya narke. Na sa likitar ta sake aunawa, ta sake: sha uku. Na ce to, aikin ba laifi. Ta ce ta gode, tunda babban injiniya ya sa hannu. Ban sani ba ko zolaya ce.

Asabar, 23 ga Agusta

Da hantsi an shimfiɗa wa Daradara tabarma a tsakar gida, rana fal, ba ta ɓoye fuska ba. Hazon da ke kan baƙin idon ya fara washewa. Sai ga tururuwa ta bi bakin tabarma. Yarinyar nan ta bi ta da ido, ta rarrafa, ta sa ɗan yatsa ta danne ta. Tururuwa fa! Ni kaina sai da na sunkuya kafin na gan ta. Tsohuwata ta fashe da kuka. Ni ƙura ce ta shiga mini ido.

Uwar yarinyar ta kawo mini ruwa, ta tsaya tana murza gefen zane. "Baba, likita ta ce duk wanda ya manyanta a gidan a auna idonsa. Wai na manya ba ya ciwo, sai dai a wayi gari ba a gani." Na ce idona garau yake, ga rubutuna shaida. Ta ce to. Amma ba ta tafi ba.

Litinin ƙarfe takwas za a auna nawa. Ita za ta riƙe katin, don aljihun rigata ya huje.

Da la'asar na bi layinmu ƙofa-ƙofa, na leƙa ajinmu na yamma na faɗa wa tsofaffin 'yan makarantarmu. Na ce gobe da hantsi duk mai ƙafa ya zo, akwai tabarma, akwai tururuwa, ya ga jikata tana gani. Wanda ya tambayi yadda aka yi, na ce ya zo ya tambayi uwarta. Har mai kemis na gayyata. Bari ya zo ya gani da idonsa, tun yana da shi.