Hasken da Ya Cinye Hancinki

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata a watan zafi, Haulat,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da su Baba da mutanen Balan baki ɗaya.

Hoton da kika turo, wanda za a buga a kalandar bikinmu, ya iso. Na dube shi da idon masoyi, zuciyata ta buga. Na sake dubansa da idon malamin da ke koya wa ɗalibai ɗaukar hoto, sai ta kusa tsayawa.

Ya furen zuciyata, ina hancinki? Mai hoton ya tsayar da ke cikin rana tsaka, kina fuskantar ta, idanunki a tsuke kamar mai yanka albasa. Daga nan ya hau kwamfuta ya ƙara haske, ya yi ta gogewa har fuskar ta koma bayan faranti. Idanu da baki suna nan, na shaida su. Hanci babu. Ɗan tabon nan na gefen girarki ma ya tafi. Ya kuma sa kin tallafe haɓa kin karkata kai; da ɗalibina ne ya kawo mini wannan, da na tambaye shi ko haƙori ke damun baiwar Allah. Akwai kuma turken lantarki da ya tsiro daga tsakiyar ɗankwalinki.

Duk wannan mai sauƙi ne. Na kai wa Inna hoton a Gafasa. Ta nesanta wayar, ta kusanto da ita, ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Na ce ke ce. Ta ce ita da ƙafarta ta je Balan, yarinyar da aka kai wa goro baƙa ce kyakkyawa, wannan kuwa ba ta san ta ba. Ranar ko tuwo ba ta ci ba. Yanzu ta sanar da Kawu Maiwada cewa na sauya amarya a ɓoye, shi kuma ya ce ranar Juma'a zai je ya ba Babanki haƙuri. Haƙurin me, Haulat? A kan wa?

Kin tuna kakar bara, bayan la'asar, kina zaune a bakin zaure kina ɓarar gyaɗa? Hasken ya shigo ta gefe, ya kwanta a kumatunki a hankali, launinki kamar ƙasar fadama bayan ruwan farko. Wayyo! Ba kyamara a hannuna. Na yi ta gaishe ki don na manta na riga na gaishe ki, ke kuma kina ta amsawa.

Na san ƙawayenki na cewa baƙar fata ba ta fita a hoto. Ba haka ba ne, kuma kullum ina gaya wa ɗalibaina: fata ba ta da laifi, mai kyamara ne bai san inda zai zaunar da mutum ba.

Don Allah, ranar Alhamis bayan la'asar, ki ba ni dama in ɗauke ki hoto da kaina. Ki sa atamfar da kike so, ki rage hoda. Ki zauna cikin zaure, ƙofa ta hagunki. Zan rataya farin zane ta dama ya mayar miki da haske. Hannuwa a kan cinya. Ba sai kin ƙaƙalo murmushi ba, zan gaya miki jawabin da Kawu ya tanadar wa Baba. Daga nan babur zan hau zuwa Gafasa kafin magariba, Inna ta ga surukarta a sabon hoto, ta samu ta ci abinci, Kawu ya ajiye babbar rigarsa.

Amarya ɗaya na nema, ban sauya ba, ba kuma zan sauya ba, a rana ko a inuwa, har ranar da furfura za ta cika kanki in rage hasken kyamara saboda ita.

Naki har ƙarshen numfashi,
Sadisu