Shingen Tashar Kumbo

Daren Laraba, Sharafiyya

Yau na ƙi, kuma ban yi nadama ba.

Bayan la'asar Alhaji Sani, shugaban ƙungiyar 'yan jiharmu a nan Jidda, ya shigo shagona da wani kwamishina da ya zo umara, wai in gwada shi in ɗinka masa jallabiya. Ina cikin awo kwamishinan ya ce gwamnatin jiha ta ware kuɗin gina tashar harba kumbo sararin samaniya a bayan garinmu. Yana so mu mazauna Saudiyya mu yi bidiyon godiya, kowa da tuta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙi kumbo ba. Amma shingen da kuka kafa a filin tashar ya raba innata da rijiyar unguwa. Da tsufanta sai ta zagaya ta bayan maƙabarta."

Alhaji Sani ya taka min ƙafa. "Halas, ya isa haka, Malam Bala, baƙo ne." Da muka fita ya tuna min shi ya haɗa ni da kafilina, Balaraben da ya tsaya min a ƙasar nan, kuma iƙamata, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa.

Na sani. To amma Inna tana da waya. Ta dawo daga ɗibar ruwa ta gan ni ina ɗaga tuta ina washe baki?

Jallabiya zan ɗinka ta da kyau, sana'ata ce. Bidiyo kuwa, sai sun fasa ƙofa a shingen nan. Masu shirin kai ƙarfe sama ba za su kasa ƙofa ɗaya ba.