An Kama Masu Fasa Mana Shaguna

Daren Laraba, Ƙanƙara

Barci ya ƙi zuwa. Ɗan sandan da na kai wa ƙara, ina zaton shiru za a yi kamar kullum, yau da kansa ya zo shagona. Sun kama gungun da ke fasa mana shaguna. Sukarina da atamfofin Hajiya Rabi maƙwabciyata duk an same su a wani kango, hanyar Ketare.

Ya ce, "Saura masu ba da shaida, Malam."

Na tuna ɓarayin suna da dangi cikin gari. Ina ta jinkiri sai Hajiya, da ke tsaye tare da mu, ta ce, "Sa sunana, na ga fuskokinsu."

Kunya ta kama ni, na ce ya haɗa da nawa. Gobe ni da ita tare za mu tafi ba da shaidar. Allah ya tsare mu.